Sirrin Mutum a Shafukan Sada Zumunta: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta maimaituwa a bakin masu amfani da Facebook da WhatsApp da TikTok da ire-irensu, musamman bayan wani abu ya faru: an ƙwace wa wani asusunsa, ko an ga hoton wata yana yawo a inda ba ta aika shi ba, ko kuma talla ta fito a kan abin da mutum yake ganin bai gaya wa kowa ba. An fara da na tushe kafin a shiga masu zurfi.

Waɗanne bayanai ne shafukan sada zumunta suke tarawa a kaina?

Na farko su ne waɗanda mutum yake bayarwa da hannunsa lokacin buɗe asusu da kuma bayan haka: suna, lambar waya, ranar haihuwa, hotuna, murya, da garin da yake zaune. Waɗannan ba su cika ba kowa mamaki ba. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne wanda manhajar take tattarawa da kanta ba tare da an rubuta mata komai ba, kamar irin wayar da ke hannunka, da kamfanin layinka, da lambar da intanet take gane na'urarka da ita wadda kan nuna yankin da kake, da lokacin shigarka da na fitarka, har da daƙiƙa nawa ka tsaya a kan wani bidiyo kafin ka wuce shi.

Wanda ya fi daraja a wurin kamfani kuwa shi ne abin da kwamfutocinsa suka hasaso game da kai bayan sun haɗa waɗancan. Saurayin da ya yi mako guda yana tsayawa a kan hotunan akwatunan lefe bai faɗa wa kowa cewa aure zai yi ba, amma an riga an sa shi cikin jerin waɗanda za a riƙa nuna wa tallar atamfa da kayan ɗaki.

Tunda ba na biyan ko kwabo, me kamfanin yake samu da ni?

Talla yake samu. Kamfanin Meta, wanda ya mallaki Facebook da Instagram da WhatsApp, ya samu kuɗin shiga kusan dala biliyan 135 a shekarar 2023, kuma kusan kashi 98 cikin 100 na kuɗin daga talla suka fito. Kamfanin ya sha nanata cewa ba ya sayar da bayanan mutane, kuma akwai gaskiya a maganar idan ana nufin bai ɗauki sunanka da lambarka ya miƙa wa ɗan kasuwa ba. Aikinsa ya fi kama da na dillali: ɗan kasuwa zai ce yana neman mata 'yan shekara ashirin zuwa talatin da biyar da ke zaune a Kaduna masu sha'awar turaren wuta, shi kuma dillalin ya kai musu tallar ya karɓi la'adarsa. Gwargwadon yadda dillali ya san mutanen gari, gwargwadon tsadar aikinsa, don haka ba ya ƙoshi da sani.

Bibiyar ba ta tsaya a cikin Facebook kaɗai ba. Shafukan intanet da manhajoji masu yawa suna ɗauke da wata 'yar manhajar Meta da ke sanar da kamfanin cewa ka ziyarce su da kuma abin da ka duba a can. Ana iya gane darajar wannan bibiya daga abin da ya faru a 2021, lokacin da kamfanin Apple ya tilasta wa manhajojin iPhone su nemi izinin mai waya kafin su bi sawunsa zuwa wasu manhajojin. Mutane da yawa sun ƙi bayar da izinin, kuma Meta da kansa ya ce wannan sauyi zai rage masa kimanin dala biliyan 10 a shekarar 2022.

Ni ba ni da abin ɓoyewa, to me zai dame ni?

Wannan ita ce maganar da aka fi yi, kuma a ganina ita ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta. Sirri ba ya nufin laifi. Ana sa labule a ƙofar ɗaki, ana gina zaure a gaban gida, ana yin sallama kafin a shiga, kuma ba don mutanen gidan suna aikata wani abin kunya ba. Alƙur'ani ya hana shiga gidajen mutane sai da izini a aya ta 27 ta Suratun Nur, ya kuma hana bin diddigin juna a aya ta 12 ta Suratul Hujurat. Rashin lafiyar da mutum yake fama da ita, da bashin da ake bin sa, da saɓanin da ke tsakaninsa da iyalinsa, duk ba laifuffuka ba ne, amma kowa yana roƙon Allah ya rufa masa asiri a kansu. A wuraren da ake fama da garkuwa da mutane don neman kuɗin fansa kuwa, sanin motar da mutum ya saya da ranar da zai kama hanya da makarantar 'ya'yansa ya wuce batun kunya, ya koma batun rai.

Akwai kuma wani ɓangare da ba a cika tunawa da shi ba: yawancin abin da ke cikin wayarka ba naka ba ne kai kaɗai. Lambar mahaifiyarka, da hoton matar yayanka a wurin suna, da saƙon muryar da abokinka ya turo maka yana faɗa maka damuwarsa, duk amana ce a hannunka. Idan ka ba wata manhaja izinin shiga jerin lambobinka, ka bayar da lambobin mutum ɗari biyar waɗanda ba a tambayi ko ɗaya daga cikinsu ba. Amsar da ta shafi manhajojin bashi a ƙasa ta nuna abin da hakan yake haifarwa.

Da gaske ne waya tana sauraron hirar da muke yi?

Mark Zuckerberg ya musanta haka a gaban majalisar dattawan Amurka a watan Afrilun 2018, kuma a wannan shekarar masu bincike a jami'ar Northeastern da ke Boston sun gwada manhajojin Android fiye da 17,000 ba su kama ko ɗaya tana ɗaukar murya a ɓoye tana aikawa ba, sai dai sun kama wasu suna ɗaukar hoton fuskar waya suna tura wa wasu kamfanoni. Abin da ya fi bayyana yadda talla take dacewa da hira shi ne bayanan da aka ambata a amsa ta farko. Idan ka zauna da abokinka kuna maganar babur, wataƙila shi ya riga ya bincika farashinsa a daren jiya, kuma kamfanin ya san cewa abokinka ne kuma kuna yanki ɗaya.

Duk da haka, zargin mutane bai taso a banza ba. A 2019 an gano cewa Facebook yana biyan wasu ma'aikatan kwangila su saurari wasu saƙonnin murya na Messenger su rubuta abin da aka faɗa, kuma kamfanin ya amsa ya ce ya dakatar da aikin. Saboda haka yana da kyau mutum ya shiga saitin wayarsa ya duba manhajojin da ya ba izinin amfani da makirufo da kyamara, ya janye daga duk wadda aikinta bai buƙaci haka ba. Manhajar tocila ko ta lissafi ba ta da wata hulɗa da muryarka.

Shin WhatsApp yana karanta saƙonnina?

Tun watan Afrilun 2016 saƙonni da kiran WhatsApp suke tafiya a kulle daga wayar mai aikawa zuwa wayar mai karɓa, ta yadda makullin yana kan wayoyin biyu kaɗai, kuma ko kamfanin ba ya iya buɗewa a hanya. Amma kullen abin da ke cikin wasiƙa yake rufewa, ba ya rufe bayan ambulan. Kamfanin yana sanin lambarka da irin wayarka da lokutan da kake amfani da manhajar da sunayen zaurukan da kake ciki, kuma tun 2016 yake raba wasu daga cikin waɗannan bayanai da Facebook. Wannan ne ya tayar da ƙura a watan Janairun 2021, lokacin da aka turo wa mutane sanarwar cewa ko su amince da sababbin sharuɗɗa ko su rasa asusunsu, har miliyoyi suka sauke wasu manhajojin aika saƙo, Signal da Telegram, kamfanin kuma ya ɗaga wa'adin daga 8 ga Fabrairu zuwa 15 ga Mayu.

Kullen yana da ƙofofi biyu na baya. Ta farko ita ce ajiyar saƙonni da waya take turawa Google Drive ko iCloud, wadda ba ta samun irin wannan kulle sai mutum ya kunna shi da kansa, kuma sai a 2021 aka samar da damar yin hakan. Ta biyu ita ce wanda ka aika wa: yana iya ɗaukar hoton hirar ko ya tura ta gaba. Yawancin tonon asirin da muke gani, na saƙon muryar da ya bazu ko hoton da ya fita, ta wannan ƙofa yake bi.

Telegram fa, da GB WhatsApp?

Hirar yau da kullum a Telegram da ta zauruka ba ta da irin kullen da aka bayyana a sama, sai idan mutum ya zaɓi hirar sirri tsakaninsa da mutum ɗaya. GB WhatsApp da 'yan uwanta kuwa ba daga kamfanin WhatsApp suka fito ba, ba a samun su a Play Store, ba a san masu haɗa su ba, kuma kamfanin yakan rufe asusun masu amfani da su. Wanda ya sa ta don ya riƙa ganin saƙon da aka goge, ya miƙa dukkan hirarsa da hotunansa ga mutumin da bai san ko sunansa ba.

Mene ne rikicin Cambridge Analytica da ake yawan ambata?

Wani malami a jami'ar Cambridge ta Ingila mai suna Aleksandr Kogan ne ya ƙirƙiri wata manhajar tambayoyin gwada ɗabi'a a Facebook. Mutum kimanin 270,000 ne suka yi amfani da ita, amma ƙa'idar Facebook ta wancan lokaci ta ba manhaja damar kwasar bayanan abokan wanda ya shiga, don haka adadin waɗanda abin ya shafa ya kai miliyan 87 bisa ƙiyasin kamfanin. An miƙa bayanan ga Cambridge Analytica, kamfanin ba 'yan siyasa shawara wanda ya yi wa Donald Trump aiki a zaɓen 2016. Asirin ya tonu a watan Maris na 2018 ta bakin wani tsohon ma'aikacin kamfanin, Christopher Wylie, kuma a 2019 hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5.

Sunan Najeriya ya fito a cikin lamarin, domin jaridar Guardian ta Birtaniya ta ruwaito cewa wani attajiri ya ɗauki hayar kamfanin gabanin zaɓen 2015 don ya yi aikin yaƙar takarar Muhammadu Buhari, har aka yaɗa wani bidiyo mai tayar da hankali da nufin tsorata masu zaɓe. Abin lura ga mai amfani da waya shi ne cewa kusan dukkan mutanen miliyan 87 ba su taɓa ganin manhajar ba. Abokansu ne suka danna amincewa. Irin waɗannan wasanni na "duba wa kake kama da shi" ko "yaya fuskarka za ta zama idan ka tsufa" har yau suna yawo.

To, za a iya yarda da alƙawuran da kamfanonin suke yi?

Ana auna amanar mutum da abin da ya yi a baya, kuma haka ya kamata a auna kamfani. Lokacin da Facebook zai sayi WhatsApp a 2014 a kan kusan dala biliyan 19, ya shaida wa hukumar Tarayyar Turai cewa ba zai iya haɗa asusun manhajojin biyu kai tsaye ba. Bayan shekara biyu ya haɗa, aka ci shi tarar yuro miliyan 110 a 2017. Twitter ya karɓi lambobin waya da adireshin imel na mutane da sunan tsare musu asusu, sannan ya yi amfani da su wajen talla, ya biya tarar dala miliyan 150 a 2022. A 2021 lambobin waya da sunayen masu amfani da Facebook miliyan 533 daga ƙasashe 106, ciki har da Najeriya, sun bazu a intanet kyauta. TikTok ma an ci shi tarar yuro miliyan 345 a Turai a 2023 saboda yadda ya riƙe bayanan yara.

Wannan ba ya nufin duk abin da suka faɗa ƙarya ne, domin kullen saƙonnin WhatsApp an gina shi ne a kan tsarin Signal wanda masana suka daɗe suna bincikensa. Ra'ayina shi ne a yarda da abin da wasu na waje suka iya tantancewa, ko wanda doka mai haƙori ta tilasta, a kuma ɗauki sauran a matsayin alƙawarin da mai shi yake iya sauyawa duk ranar da ya sabunta sharuɗɗansa.

Yaya manhajojin bashi suke samun lambobin 'yan uwan mutum?

Mai karɓar bashin ne yake ba su da kansa lokacin da ya danna amincewa ba tare da ya karanta ba. Da zarar ya makara da biya, sai saƙo ya isa ga surukinsa da limamin unguwarsu da shugabansa a wurin aiki cewa wane ɓarawo ne ana nemansa, wani lokaci har da hotonsa, alhali kuɗin bai wuce naira dubu goma ko ashirin ba. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya, FCCPC, ta fara farautar irin waɗannan kamfanoni a 2022, kuma daga ƙarshen watan Mayun 2023 Google ya hana manhajojin bashi da ke Play Store shiga jerin lambobi da hotunan mutane. Waɗanda ake turowa ta hanyar mahaɗi a WhatsApp ba sa ƙarƙashin wannan hani, kuma su ne suka fi haɗari.

An ƙwace wa wani WhatsApp ɗinsa. Ta yaya hakan yake faruwa?

Mafi yawanci ba wata fasaha ake amfani da ita ba, yaudara ce kawai. Na ga yadda aka yi wa wata gwaggona: wani ya kira ta da azahar, ya yi sallama cikin ladabi, ya ambaci sunan zauren ɗaliban islamiyyarsu daidai, ya ce za a yi taro ta waya da daddare kuma an turo mata lambar shiga guda shida, ta karanto masa don a sa sunanta. Ta karanto. Kafin la'asar 'ya'yanta da maƙwabtanta sun fara samun saƙo da sunanta da hotonta cewa tana asibiti a taimaka mata da dubu talatin, kuma mutum biyu sun riga sun tura kafin a farga. Lambar nan ita ce wadda WhatsApp yake aikowa idan ana son buɗe asusu a sabuwar waya, kuma babu wani dalili na gaskiya da zai sa wani ya nemi a karanto masa ita.

Maganin shi ne kunna tabbatarwa mai mataki biyu a saitin asusu, wato mutum ya zaɓi wata lambar sirri tasa ta daban wadda sai da ita za a iya ɗora asusun a wata waya. Wanda aka riga aka ƙwace wa, ya sake shigar da lambar wayarsa a manhajar ya karɓi sabuwar lambar tabbatarwa, wanda hakan yakan fitar da ɓarawon, sannan ya sanar da mutanensa ta kira. Haka kuma kada a yi watsi da tsohon layi alhali asusun banki da na sada zumunta suna rataye a kansa, domin kamfanonin sadarwa suna sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba.

Akwai dokar da take kare ni?

Akwai. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya tabbatar da sirrin 'yan ƙasa da gidajensu da wasiƙunsu da hirarsu ta waya. A watan Yunin 2023 aka sanya hannu a kan dokar kare bayanai ta ƙasa, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta kuma ba mutum haƙƙin ya nemi sanin bayanan da aka ajiye a kansa, a gyara masa kuskure, a goge, ko ya janye amincewar da ya bayar, sannan ta wajabta wa kamfani ya sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 idan aka yi masa kutse mai haɗari ga mutane. Jamhuriyar Nijar tana da tata dokar tun 2017 da hukuma mai suna HAPDP, Ghana kuwa tun 2012.

Hukumomin Najeriya sun nuna ƙarfinsu a watan Yulin 2024, lokacin da FCCPC ta ci Meta tarar dala miliyan 220 bayan binciken watanni 38, bisa zargin raba bayanan 'yan Najeriya ba da izininsu ba da kuma ba su kariyar da ba ta kai ta wasu ƙasashe ba. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara, kotun musamman ta tabbatar da hukuncin a watan Afrilun 2025. Sai dai tara ba ta dawo da bayanin da ya riga ya fita, kamar yadda amsa ta gaba ta nuna.

Idan na goge asusuna, komai ya tafi ke nan?

Akwai bambanci tsakanin dakatar da asusu da goge shi, kuma cire manhaja daga waya ba ɗaya daga cikinsu ba ne. Facebook yana ba wanda ya nemi gogewa kwana 30 ko zai sauya shawara, kuma ya ce kammala gogewar tana iya ɗaukar kwana 90. Saƙonnin da ka aika wa wasu suna nan a wurinsu, haka hotunan da aka sauke ko aka tura gaba, haka nan lambarka da ke cikin jerin lambobin da abokanka suka ɗora. Kafin gogewa, yana da amfani mutum ya nemi kwafin bayanansa daga saitin asusu, ko don ya ga da idonsa yawan abin da aka tara.

Me ya kamata in yi kafin in kai wayata gyara, ko in sayar da ita?

Kafin gyara, a cire layi da katin ajiya, a fita daga manhajojin banki, kuma idan gyaran na fuska ne ko na wurin caji, babu dalilin bayar da lambar buɗe waya. Idan mai gyara yana son gwaji, a buɗe masa a tsaya ana kallo. Haka nan a wurin masu caji da masu tura waƙoƙi da fina-finai, inda waya takan yini a buɗe a kan tebur. Mafi yawansu mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu, amma sau da yawa shago ba mutum ɗaya ne a cikinsa ba, kuma hotunan iyali ba sa buƙatar fiye da minti biyu kafin a kwashe su.

Kafin sayarwa ko kyautarwa, ko da ga ƙani ne, goge hotuna ɗaya bayan ɗaya bai wadatar ba. A kwafe abin da ake buƙata, a cire asusun Google ko na Apple daga wayar, a fita daga WhatsApp da Facebook, sannan a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani ta saitin da aka tanada don haka. Idan wayar tana da katin ajiya, a zare shi a riƙe, domin mayar da waya sabuwa ba lallai ne ya taɓa abin da ke cikin katin ba.